Alu Mai Lodi da Ramin Hawa na Bakwai

Duk wanda ya taɓa loda albasa a Aliero ya san Alu. Shekara talatin yana saɓa buhu, har gwiwa ta zaunar da shi ya zama shugaban 'yan lodi, mai tsayawa gindin mota yana nuni da sanda. Allah ya yi shi da zargi. In manomi ya kawo buhu, Alu ba ya kallon albasar sama, sai ya zura hannu can tsakiya ya zaro ɗaya, ya matsa wuyanta da babban yatsa, ya sansana. In ka cika fara'a wajen gaishe shi, zai wuni yana tunanin abin da kake nema. Matarsa Mairama takan ce ko tuwo ta ba shi sai ya juya malmalar ya duba ƙasanta. Amma a faɗi gaskiya, motar da Alu ya tsaya kanta ba ta isa Kurmi da ruɓa. Shi ya sa in ya ce abu ba kyau, daga Aliero har Jega an gama magana.

Yana da ɗan ƙanwa, Lawali, magidanci mai 'ya'ya uku, mai teburin agogo da tocila da batir a kasuwar Jega. Shekara biyu bayan an yanko Jihar Kebbi daga Sakkwato, Lawali ya je Legas sari ya dawo da katan guda na wani abin wasa, ɗan akwatin roba da bai wuce tafin hannu ba, da gilashi da madannai huɗu. Cikin gilashin akwai ɗan mutum mai tura ƙunshin kaya. Yana hawa tsani, yana tsallake gurbi, in ya jera kayan inda aka yi alama sai ƙofa ta buɗe ya wuce hawa na gaba. Mutane suka raɗa masa suna Ɗan Lodi.

Kafin wata guda kowa ya zama alƙalin Ɗan Lodi. Direbobi suka ce ya fi goro korar gyangyaɗi in ana jiran lodi. Teloli suka ce yana kashe ido, amma ba su ajiye ba. Wani malamin firamare ya ce yana wasa ƙwaƙwalwa, wani dattijo kuma ya ce tunda ba caca a ciki, laifinsa ɗaya, cin lokaci. Su kuwa 'yan lodi abin ya fi shiga ransu, don sun ga ɗan'uwansu a gilashi. Har faɗa suke masa in ya jera kaya a karkace.

Sai aka zo hawa na bakwai, nan kowa ya cije. Akwai wani rami mai faɗi tsakanin ɗan mutumin da ƙofa. An yi tsalle da gudu, an yi daga kan tsani, an yi da bisimilla, kullum sai ya faɗa. Yabo ya fara komawa gunaguni. Ranar kasuwa Surajo direba ya kawo wa Alu nasa, ya ce tunda aikinsa ne, ya duba.

Alu ya karɓa kamar an miƙa masa kunama. Kwana uku yana dannawa a inuwar rumfa, ya haye shida ba wuya, ya jera kayan na bakwai tsaf, ko ɗaya bai goge ba. Ramin dai ya ƙi. A nan zuciyarsa ta ba shi abin da ta saba ba shi. Kasuwa ta gaba ya tsaya gaban teburin ɗan ƙanwarsa, mutane cike, ya ɗaga akwatin sama.

"Wanga abu ba ya da hawa na takwas," in ji shi. "An gina ramin ga na don ka yi ta hwaɗawa, batir shi ƙare, ka koma wurin mai batir. To wa ka saida batir nan Jega?"

Lawali ya miƙe tsaye. "Kawu, wallahi hakanan nis sawo shi. Ban san komi ba."

"Kai dai ka sani," Alu ya ce, ya juya.

Da wani ne ya faɗa, da an yi dariya an watse. Amma kawu ne ya faɗa kan ɗan ƙanwarsa, kuma kawun nan ba kowa ba ne, Alu ne. Aka yi ta mayar wa Lawali da Ɗan Lodi. Wannan ma da sauƙi. Masu kawo gyaran agogo suka ɗauke ƙafa, don wanda ya iya haƙa rami cikin gilashi, wa ya san abin da yake cirewa in ya buɗe bayan agogo? Sunansa ya koma Lawali Mai Rami. Alu ya ji duk wannan, bai ji daɗi ba, amma ya ce gaskiya ɗaci gare ta.

Bayan wata biyu ya raka wata mota, ta lalace a Maiyama da rana tsaka. Yana zaune gindin darbejiya sai ya ciro akwatin Surajo, wanda har yau bai mayar ba, don a ɓoye bai daina gwadawa ba. Wata Bafulatana mai tallar nono, Hussaina, ta sauke ƙwaryarta ta tsaya tana leƙe. Ta ga ɗan mutumin ya faɗa sau uku.

"Baffa, ba ni in gani."

Ya miƙa mata don ya ga iyakar gudun ruwanta. Ya nuna mata madannan. Ta yi ta kuskure, can ta tura ƙunshi ɗaya ta nufi bakin ramin da shi.

"Ke! Kayan mutane za ki zubdawa?"

Kafin ya rufe baki ƙunshin ya faɗa, ya cike ramin daidai. Ɗan mutumin ya taka samansa ya haye. Ta wancan gefen ashe akwai wata alama, yana isa gare ta ƙofa ta buɗe, lamba takwas ta fito.

"In rahi ya tare muna hanya, ba dutse muka jehwawa mu taka ba?" in ji Hussaina, ta ɗauki ƙwaryarta.

Alu ya ƙura wa lambar takwas ido. Gari guda na masu albasa, ba wanda ya taɓa kawo wa ransa ya jefa buhu rami da gangan, balle ya sa ƙafa ya taka. Albasa ko gwiwa ka dafa mata ta fara ruɓa ke nan, kuma shi da kansa ya sha korar ɗan lodi don ya hau kan buhu. Kunya ta rufe shi, sannan tsoro, don ya tuna fuskar Lawali.

Ba a ce Alu ba ya da zuciyar gyara ba. Ranar kasuwa ya tsaya daidai inda ya tsaya wancan karon, ya tara mutane, ya tura ƙunshin rami a gabansu, ya nuna musu takwas. Ya ce shi ne ya yi kuskure, yaron nan bai cuci kowa ba.

Sai Surajo ya karkace hula.

"Malam Alu, kwana nawa kunka yi kuna shirya wanga?"

"Naka na, Surajo! Wanda kab ba ni!"

"Wata biyu yana hannunka, mai gyara kuma ɗan ƙanwarka na. Jini ai ba ya ƙin jini."

Wani ya ce ai dama an san za a sasanta a gida. Wani ya ce wasan da ke koya wa mutum taka abinci ma ya fi na farko muni. Alu ya rantse, ya ce kowa ya kawo nasa a gwada, amma duk sun mayar, sauran na cikin katan ɗin Lawali, su kuwa wa zai yarda da su? Ɗaya bayan ɗaya aka watse.

Ya rage daga shi sai Lawali da teburin da ƙura ta hau. Alu ya zauna kan benci. Can ya kwance agogon hannunsa ya miƙa, ya ɗaga murya yadda masu wucewa za su ji.

"Duba min wanga, ina jin baya shikai."

Lawali ya karɓa, ya kara a kunne, ya gwada da nasa. Bai ko ɗauko abin buɗewa ba, ya mayar masa da hannu biyu.

"Lahiyatai lau, Kawu. Ba abin gyara."