Langar Mama Ta Bayan Katanga

Gidanmu na unguwar Television a Kaduna ba gidan a zo a gani ba ne. Ginin ƙasa ne da shafen siminti, rufin duk tsatsa, idan ruwa ya sauko sai mun jera bokitai har kan gado. Amma da guminsa na masaƙar Kakuri Baba ya gina shi, kuma har yau in na yi mafarkin gida, can nake ganin kaina.

Kusa da rijiya akwai inda damina ta cinye katanga, ta dawo iya ƙirji. Baba ya sha cewa zai ɗaga ta, Inna ta ce bismilla, ya gwada ya gani. Ta nan take hira da maƙwabciyarmu, wata Kirista mai wushirya daga kudancin Kaduna, mai sayar da doya, wadda duk muke ce wa Mama. Ta nan kuma wata farar langa mai jan fure ke kai da kawowa. Ta Mama ce. Ta miƙo ta da gwaten acca, Inna ta mayar da ita da masa, don a tsakaninsu abin kunya ne langa ta koma wayam. Ran Kirsimeti ma Baba ke yanka musu kaji, saboda mu iya ci.

"Hajiya, gishirinki ya ƙare ne?" in ji Mama in ta ɗanɗana.

"Bakinki ne ya tsufa," in ji Inna.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, Baba ya yi wa gidan sabon fenti shuɗi, wai yanzu kam komai zai gyaru. Fentin bai ko dushe ba garin ya yamutse da rikicin addini. Da ƙura ta lafa, kowa ya nemi inda nasa suka fi yawa. Baba ya yi musayar gida da wani mutum daga tsallaken kogi, muka kwashe kaya a gurguje ranar da Mama ta tafi jana'iza ƙauyensu. Sai da muka sauke kaya Inna ta ga langar a cikin tukwanenta.

Tun daga nan, duk Sallah sai ta cika ta da masa ta ce in je in nemo Mama. Na je. Aka ce ta koma Sabon Tasha, can kuma aka ce ƙauye. Na riƙa bin layin masu doya ina kwatanta mace mai wushirya, suna kallona da tausayi.

Zuwana na ƙarshe Inna tana kwance ba lafiya. Na tarar an rushe gidajen biyu, an dasa benen shaguna. Ko inda rijiyar take na kasa ganewa. Na tsaya da langa a hannu kamar wadda aka aika gidan da ba a gina ba, haushi ya cika ni, na rasa wa zan yi wa.

Da na dawo, Inna ta ɗaga murfin, ta ga masar yadda ta jera ta. Ba ta tambaye ni komai ba.

"Rufe," ta ce. "Kada ƙuda ya taɓa mata."