Shuni a Hannun Akawu

Shekarun da kuɗin mai suka shigo, kowa a Daura ofis yake nema, ni kuwa hanyar fita nake nema. Akawu ne ni a wata makarantar horon malamai. Daga safe har azahar ina buga tafireta ƙarƙashin fanka, sunayen ɗalibai yau, sunayen ɗalibai gobe. In na tashi babu abin da zan ɗaga in ce ni na yi shi. Kai, na tsani kujerar nan!

Gidanmu gidan marina ne. Mahaifina ya tsufa a bakin karofi, wato ramukan rini, kuma shi ya kai ni boko da kansa don kada in gaje shi. Abin haushi, rinin nake so. Ƙanensa, Baffa, shi ke riƙe da karofin a lokacin, sai na fara laɓaɓawa wurinsa ranar Asabar, wai zuwa gaisuwa. Yakan tsokane ni, "Akawu, matsa kada a ɓata maka farar riga." Wata Asabar na tuɓe rigar, na karɓi zane na tsoma shi, na ɗago, na ga kore yana juyewa shuɗi a iska. Tun da na fara aiki ban ji daɗi irin na ranar ba. A nan na ƙudurta zan ajiye aikin gwamnati, saura in gaya wa tsoho.

Ni da na tashi a gidan, sai ga shi na manta shuni ba ya jin sabulu. Na goga toka, na goga lemun tsami, har kananzir, a banza. Washegari na je gida hannuwana cikin riga kamar ɓarawon kaza.

Na tarar da tsoho a zaure tare da Baffa. Ni ne ɗan fari, don haka tsakaninmu akwai kunya. Bai taɓa kiran sunana ba, in yana da magana sai ya dubi wani ya ce, "A gaya wa wancan." Na tsuguna na gaishe shi, ina shirya maganata a ciki. Sai ya turo buta ya ce wa Baffa a sa wancan ya ɗebo masa ruwa. Ban yi tunani ba na miƙa hannu.

Ya daɗe yana kallon yatsuna. Na jira ya juya wurin Baffa, bai juya ba. Ni ya duba, ido cikin ido, ya kira sunana, sunan yanka. Baffa ya miƙe ya fice ko takalmi bai tsaya sawa ba.

"Rinin da za ka yi, na riga na yi maka shi," ya ce. "Don Allah ka bar ni in mutu ina baban akawu."

Wallahi da mari ya kwaɗa mini da ya fi mini sauƙi. Na sa dattijo ya zubar da kunyarsa a gaban ƙanensa, ya roƙi ɗan cikinsa. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Maganar da na zo da ita ko kalma ɗaya ban furta ba.

"To, Baba," na ce. Ranar Litinin na koma ofis, kuma a ofis na yi ritaya.