Lallen Gwaggo Tabawa

Ku da kuka zauna a layinmu na Agege kun sani, ba a zuba wa shukar Gwaggo Tabawa ruwa a ka. Baƙo ma in ya sauka gidanmu, kafin a nuna masa banɗaki an gaya masa wannan doka. Tukwanenta na nan jere a baranda, na na'a-na'a da ɗoɗɗoya da barkono, kowace an huda mata gindi an zaunar da ita cikin kwano mai fure, irin na jeren ɗakin mata. Da safe sai ta tsiyaya ruwa a cikin kwanukan, ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna tana gadi har ƙasar tukunyar ta tsotse shi ta gindi. In ta ga sun ƙoshi, ta zubar da ragowar. Duk wanda ya yi gangancin tambayar dalili, amsa ɗaya yake samu.

"Shuka da ƙafa take shan ruwa. Kai in ƙishirwa ta kama ka, a ka ake kwara maka?"

Ni ne Sani tela, ɗan ƙanenta, ƙofar ɗakina na kallon tata. Likita ya ce hawan jinin da ke damuna na gado ne. Ban musa ba, don a wurin Gwaggo na samo shi. Ita dai ba ta da shi, rabawa take yi.

Duk cikin shukokin nan lalle ne ranta. Reshe uku ta yanko daga bishiyar tsakar gidan mahaifiyarta a ƙauyenmu lokacin da za a kawo ta nan Ikko. Daminar farko ta ruɓar da biyu, daga nan ta yanke hukunci cewa ruwan da ya zo ta sama kisa yake yi. Na ukun ya rayu a wata tukunyar ƙasa mai nauyin tsiya, zaune cikin fanteka, babban kwanon da ya fi kowanne a jerenta. Gidan ƙauye ya zube tuntuni, an sare bishiyar an gina shago a wurin, 'ya'yan da Gwaggo ta haifa kuma babu wanda ya rayu. Shi ya sa take ce wa lallen "ɗan gidanmu", kuma ba da wasa take faɗa ba.

Kun san ruwan Ikko ba ya sallama. Hadari na haɗowa, ko ina tsakiyar ɗinkin mutane zan ji muryarta: "Sani, taso, ɗan gidanmu zai jiƙe." Mu yi ta nishi muna jan tukunya zuwa lungu. Wata rana bayana ya riƙe, haushi ya kama ni, na ce, "Gwaggo, ai ruwan sama ma ta sama yake zuwa."

Ko kallona ba ta yi ba. "Wanda ke sauko da shi ya san awo. Kai da ka ɗinka wa Malam Buba wandon Sallah ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, kai za ka yi mini maganar awo? Ɗaga ta can."

Ran da duba-gari ya shigo kuwa, na sadaƙar a kotu za mu ƙare. Ya tsaya a kan kwanukan yana kaɗa sanda, ya ce tsohuwar nan sauro take kiwo. Ni ne tafinta.

"Gaya masa ruwan sha ne," in ji Gwaggo.

"Gwaggo, ma'aikacin gwamnati ne fa."

"Shukokin ba sha suke yi ba? Gaya masa."

Na gaya masa. Mutumin ya ce to in ruwan sha ne wani ya sha ya gani. Gwaggo ta ɗaga tukunyar barkono, ta miƙo mini kwanon, ta ce, "Sha, ɗan nan." Na sha, har da tsakuwa da wata tururuwa da ba ta ji ba ta gani ba. Duba-gari ya fita yana riƙe da ciki don dariya. Ni kuwa na yi kwanaki ina sauraren nawa cikin, duk motsin da ya yi sai in yi kalmar shahada. Da na kai mata ƙorafi ta ce, "Barkonon nan tun yaushe yake sha, ka taɓa jin ya yi kukan ciki?"

Babbar abokiyar rigimarta ita ce Iya Bose, Bayarabiyar nan mai tuyar ƙosai da ke ɗakin ƙarshe. Ita ma tana da shukoki a ƙofarta, ayoyo da shuwaka a cikin tsofaffin bokitai. Iya ba ta da lokacin zama. Daga inda take tsaye za ta ɗebo ruwa da roba ta watsa musu, ta wuce. Gwaggo ta runtse ido kamar ita aka watsa wa.

Wani zuwa zazzaɓi ya kwantar da Gwaggo. Iya ta kawo mata kunu, a hanyar fita kuma, don alheri, ta kwara wa lallen ruwa roba guda. Matar da ko tashi zaune ba ta iyawa sai ga ta a baranda, ta cire ɗankwali tana goge ganyen ɗaya bayan ɗaya.

"Alhaja, omi ni omi," in ji Iya, wai ruwa ai ruwa ne.

"Mai ma mai ne. Gobe zan zuba miki kananzir a kaskon ƙosai."

Sun jima ba sa gaisawa, amma kunun bai fasa zuwa ba, Gwaggo kuma ba ta fasa shanyewa ba.

Wannan duk kafin gari ya ɓaci ne. Kun tuna shekarun nan da soja suka miƙa mulki, yadda Ikko ta dinga rikicewa tsakanin mutanenmu da wasu samarin gari. Yau a ce an taɓa 'yan tumatir a kasuwar Mile 12, in an kwana biyu a ce wata unguwar ce. Ni dama mai tsoro ne tun ba a yi komai ba, to balle an yi. Tayar babur ɗin okada in ta fashe, sai na tsinci kaina a ƙarƙashin keken ɗinki. Da jita-jita ta yi ƙarfi cewa layinmu ne na gaba, sai masu unguwa suka samo tirelar shanu da za ta koma Arewa ba kaya, aka ce mata da yara da tsofaffi su fito.

Na tura matata da yarana, na dawo ɗaukar Gwaggo. Na tarar ta ɗaure 'yan tsummokaranta tsaf, ta zauna kusa da lallen. Ni da wani maƙwabci muka rungumo tukunyar har bakin titi. Direba ya dube ta daga sama ya girgiza kai.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Wannan wurin yara biyu ne."

Na ɗauka za ta yi masa ruwan masifa. Sai ta leƙa cikin motar, ta ga yadda aka cusa yara kamar buhuna, ta ce, "Gaskiyarka." Ta juyo wurina. "Mai da shi gida. Ku sauka lafiya."

Na yi magiya, na yi rantsuwa, na haɗa ta da kabarin mahaifina. Ko gezau. Ta bi bayan tukunyar ta koma baranda ta zauna. Shaguna sun rufe, layin ya yi tsit, daga can wajen titin jirgi ana hango hayaƙi, direba kuma sai danna hon yake yi. Na san in motar nan ta tashi babu wata, na kuma san ba zan iya tafiya in bar ta ba. Na durƙusa a gabanta ina kuka da hawaye, ƙato da ni.

Iya Bose ce ta fito daga ɗakinta. Da Hausarta ta Agege ta ce, "Alhaja, tashi ki tafi. Bar mini shi."

"Ke? Ki yi masa wanka ya mutu?"

"Zan ba shi ta ƙasa."

"Nuna mini."

Jama'a, ana gudun rai, matan nan biyu suka tsuguna darasi. Iya ta tsiyaya, Gwaggo ta ce ya yi yawa. Ta rage, ta ce ya yi kaɗan. Sai da Gwaggo ta sa ta rantse da ran 'yarta Bose cewa ɗigo ɗaya ba zai taɓa ganyen ba, sannan ta miƙe. Mun iske motar ta fara mirginawa, da hannu aka jawo ta sama.

Zamanmu a Arewa kowa na zancen ɗakinsa da jarinsa, ko an ƙona ko an wawushe. Ni barci ya ƙaurace mini saboda keken ɗinkina. Gwaggo kuwa magana ɗaya ce a bakinta safe da yamma: "Matar nan za ta yi masa wanka. Jikina ya ba ni."

Da ƙura ta lafa muka dawo. Barandar Gwaggo wayam, ba tukunya ba kwano. Na ga ta dafa bango. Sai muka hango su a ƙofar Iya, a cakuɗe da bokitan ayoyo, a kan siminti tsirara. Lallen ya yi kore shar, ya fitar da sabon toho, farin gishirin da kullum ke kwanciya a saman ƙasarsa ya wanke tas. Gwaggo ta tsoma yatsa a ciki. Jiƙe yake tun daga sama.

"Iya Bose, kin rantse mini."

Iya ta juya. Ta shiga ɗaki, ta jawo kwanukan daga ƙarƙashin gadonta, a wanke, a naɗe cikin zane, fantekar a sama. Sannan ta yi bayani. Samarin sun shigo gidan suna bin ƙofa ƙofa. Tun kafin su iso ta lura cewa kwanukan nan masu fure, makaho ma in ya shafa su ya san Bahausa ce a ɗakin. Sai ta ɓoye su, ta ja tukwanen zuwa ƙofarta, ta ce musu ɗakin can na ajiyar wakenta ne, nawa kuma na ƙanenta ne, shukokin duk nata ne. Suna tsaye suna kallonta ta ɗauki roba ta watsa musu ruwa yadda ta saba. Bayan nan ma ba ta yarda ta fito da kwano ko ɗaya ba, don ba ta san wa ke leƙe ba.

Gwaggo ta saurara har ƙarshe. Ta daɗe tana kallon lallen. Can ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Tsoro ne ya sa shi toho. Sani, ɗauko fanteka."

Ba ta daɗe ba bayan haka ciwon ƙarshe ya kama ta. Ana gobe za ta rasu ta kira ni, muryar da ƙyar take fita.

"Ɗan gidanmu na Iya ne. Ta ba shi ruwa yadda ta ga dama." Ta numfasa, ta riƙo hannuna. "Amma kada ka ce ni na faɗa."

Bayan an share makoki na je isar da saƙo, ina ta juya yadda zan faɗe shi ba tare da na karya amana ba. Na iske Iya a durƙushe a baranda, gwiwoyinta masu ciwo a kan siminti, tana tsiyaya ruwa a hankali cikin fanteka. Ƙosanta na can a kasko yana ƙonewa, ba ta ko waiga ba.

Na ce, "Iya, ai yanzu ba mai hana ki."

Ta ce, "Tela, da ina watsawa ne don ta fito ta yi mini faɗa. Yanzu in na watsa wa zai fito?"

Na koma ɗaki na rufe ƙofa, ranar ban iya taɓa keke ba. Allah ya jiƙan Gwaggo Tabawa, ya yafe mata, ya sanyaya makwancinta, ya sada ta da mahaifiyarta da 'ya'yanta a Aljanna. Iya Bose kuma Allah ya saka mata da alheri, ya tsare ta yadda ta tsare mu. Amin.