Sumaila ya tahi bisa hanyar Tabla

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan anka kira ni da wayar Sumaila, amma ba muryarshi ba ce. Wani mutum ne ya ce: "Kai ne abokin aikin mai wayar ga? Ka zo gidan likita na Filinge yanzu."

Na ce mi ya faru? Ya ce: "Ka dai zo."

Kafin in iso, Sumaila ya cika.

Ni da shi muke anketi, wato bincike, kan haɗarin da 'yan kabu-kabu masu kai kaya ke gamuwa da shi a ƙasar Kurhwai. Masu kai burodi ƙauyuka, masu ɗauko nono daga rugage, masu kai magani. Ni tasha nike zama in yi musu tambayoyi. Shi ko bayansu yake hawa. Ya ce sai ya ga ramukan da idonshi.

Yau bayan Garba ya hau, mai kai burodi Tabla. Kamiyo, babbar motar kaya, ta matse su, sunka sauka cikin rairayi, moto ya kihe.

Garba na ciki har yanzu, bai farka ba. Matarshi na zaune kusa da ni, duk wanda ya buɗe ƙofa sai ta miƙe.

Sumaila bai taɓa yi wa ɗan kabu-kabu faɗa ba. In ya ga burkinka ya yi sanyi, gun mai gyara zai raka ka, ya tsaya har a gama. Da wani ya karye a ƙafa bara, shi ya riƙa kai mashi hura.

Shekaranjiya munka rabu bakin kasuwa. Na ce: "Abokina, abin da munka tara ya isa, ka bar hawan nan."

Ya yi dariya. "Saura hanyar Tabla. In ban gan ta ba, mi za ni ce ma mutanen meri, ma'aikatar magajin gari, in munka kai musu sakamako?"

Nan munka yi sallama.

Yanzu likita ta leƙo, ta ce a jira.

Allah ya gafarta ma Sumaila, ya ba tsohuwarshi haƙuri. Jana'iza bayan azahar. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi mashi addu'a, kuma ku sa Garba ciki. Shi yana numfashi tukuna.