Kwanan Wata a Saman Allo

Har gobe ba zan manta da safiyar Litinin ɗin da alli ya gagare ni ba. Ina koyar da aji huɗu a wata firamare a Dudunni, shekara guda bayan rasuwar matata Hajara. Ko ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya kun sani, abin da malami ke fara yi da safe shi ne rubuta kwanan wata a can saman allo. Na ɗaga hannu, kafaɗar dama ta ce ba ta san zancen ba. Iyakarta daidai ƙirjina.

Dama ta daɗe tana min ciwo. Na je wurin mai ɗori, ya lalluba ya ce targaɗe ne, ya shafa man shanu, ya ɗaure min hannun a ƙirji, ya ce kada in kuskura in motsa shi. Na bi umarni sau da ƙafa. Da aka kwance, kafaɗar ta sandare kamar ƙotar fartanya.

Hedimasta ya kira ni. "Malam Sani, rabin allonka kaɗai ke aiki. In masu duba makarantu suka zo, mi za ni ce masu? Ko in nemi a maishe ka ofis ka huta?"

"Yallaɓai, a ba ni zuwa ƙarshen zango."

Ban gaya masa ba, amma tsoron ofis ɗin nan nake. 'Ya'yana duk sun yi nisa. In na bar ajin nan, sai in wuni ba wanda ya kira sunana.

A asibiti a Kankiya, ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi ta ce daskarewar kafaɗa ce, ta fi kama masu ciwon suga irina, kuma ɗaurin ya ƙara lalata lamarin. Maganinta gashi da ruwan ɗumi, motsi kullum, da haƙurin watanni. Ta nuna min yadda zan tsaya gaban bango in riƙa hawansa da yatsu. Sannan ta ce, "Baba, a gida wani ya riƙa ɗaga maka hannun a hankali." Na ce to, don ban ga amfanin dogon bayani ba.

Igiya na rataya a azarar ɗaki, hannun hagu na jan na dama, ciwo har hawaye. Akwai Juma'ar da na maƙale cikin babbar riga, kaina a ciki, na tsaya tsakar ɗaki ina jiran a ja min, alhali na san ba kowa. Ranar na yi kewar Hajara fiye da ranar jana'izarta.

Allon aji ya zama bangona. In an tashi, sai in tsaya ni kaɗai ina hawansa da yatsu. Kwanan wata ya faro daga tsakiyar allo, yana ɗagawa kaɗan-kaɗan. Zango ya ƙare, hedimasta ya leƙo, ya ga ya ɗan hau, bai sake tada maganar ofis ba. Sai bayan girbin dawa, wata safiya na miƙa hannu ban ma yi tunani ba, alli ya taɓa saman allo. Na juyo cike da murna. Yara sun sunkuya suna kwafa, ba wanda ya lura.

A aikin nan ba wanda zai tafa maka don ka kai saman allo, can dama ake sa ran ganinka. Saboda haka in kun ga rubutun abokin aikinku yana saukowa ƙasa, ku bar zancen masu duba makarantu. Ku ja shi gefe ku tambaye shi wa ke taya shi sa riga.