Fil Ɗin Likita

A layin masu gyaran rediyo, shagon Mai Kunne ne kaɗai ba a kunna kiɗa a ƙofarsa. Cewa yake hayaniya na cin kunne yadda gara ke cin katako. Shekara talatin da huɗu ya yi a kan benci ɗaya, tsakanin kwalaben noti da warin dalma, har masu kayan sauti na tsada suka san hanyar wurin ba tare da an yi musu kwatance ba.

Duk wanda ya shigo da hedifon sai ya sha karatu, ko ya so ko bai so ba. Iri biyu ne, in ji shi. Akwai mai maganaɗisu: waya ce a naɗe, maganaɗisu na tura ta, ita kuma tana tura fatar da ke fitar da sauti. Ɗan dako ke nan, ga ƙarfi ga juriya. Akwai kuma mai leda, wanda littafi ke kira ilektirostatik: wata leda ce da ta fi ɓawon albasa sirantaka, a miƙe tsakanin faranti biyu masu huda, wutar da akwatinsa ke bayarwa ce kawai ke kaɗa ta, babu maganaɗisu a cikinsa ko na magani. Ba ya raina na farkon, shi yake ji a gida. Amma yakan ce mai maganaɗisu zai gaya maka ana kaɗa jita, mai leda kuwa zai gaya maka makaɗin bai yanke farce ba.

Miƙa ledar nan shi ne sana'ar. Kwana uku ake yi ana ja, ana shafa mata magani, ƙura ɗaya ta faɗa a sake daga farko. Da hannunsa ya soma rawa, sai ya miƙa aikin ga ƙaninsa Auta, wanda ya goya tun mutuwar mahaifinsu, ya koya masa riƙon sukundireba, ya yi masa aure. Ya bar wa kansa abu guda: ba abin da zai fita daga shagon sai ya ɗora a kansa, ya rufe ido, ya saurara. In ya gyaɗa kai, sai a liƙa 'yar takarda mai sa hannunsa.

Wata ranar Talata da hantsi Likita ta shigo, wata mai cire haƙori da ta gaji hedifon mai leda daga mijinta. A shagon aka gyara mata shi wata biyu da suka wuce. Ba ƙara ta kawo ba, har yabawa ta yi, wai yanzu ganga na dukan ƙirji. Abin da ke ba ta dariya kawai, tun da aka gyara shi ya koyi sata: duk ta sa shi sai ya janye mata fil ɗin ɗankwali. Ta zaro fil ɗin ta kai kusa, ya yi tsalle ya manne, ƙas.

"Ba dai zai lalata shi ba ko, Baba?"

Mai Kunne ya dubi fil ɗin, ya daɗe. Ya ciro shi, ya sake kai shi, ya sake mannewa. Ya roƙe ta ta bar masa kayan zuwa jibi.

Noti huɗu ya kwance, kowanne sai da ya kuɓuce masa. A ciki babu faranti, babu leda. Ɗan sifika ne mai maganaɗisu, irin na cikin kwali a kasuwa, an zaunar da shi da gam tsaf. Akwatin wutar ma an yi masa tiyata don ya dace. Aiki mai tsabta, hannun da ya koyar ne. A jikin murfin ga takardarsa, ga sa hannunsa.

Auta ya dawo daga karɓo kaya, ya ga benci, ya ajiye kwalin a hankali. Bai yi musu ba. Ya ce leda tana yagewa, mutane na matsa lamba, kuma ba wanda ya taɓa dawowa da kuka. Mai Kunne ya tambaye shi guda nawa ne. Goma sha ɗaya, cikin shekara biyu.

"Duk ka ɗora mini su a kai?"

"Kai ka saurara, Yaya. Kai ka ce sun yi."

"Na farkon fa? Ba ka ji tsoro ba?"

"Na ji. Amma a ranar, ƙararrawar ƙofa ta yi ta kaɗawa ba ka ɗago ba. Sai na san ba za ka gane ba."

Da Auta ya ja shi gefe a lokacin ya ce Yaya kunnenka ya soma tafiya, da ya yi faɗa, ya yi fushin mako guda, ya haƙura. Auta kuwa ya gani ya yi shiru, ya riƙa tsayawa a bayansa da hannu a ƙirji kamar mai jiran sakamako, yana kallonsa yana rufe ido yana gyaɗa kai. Sau goma sha ɗaya.

Mai Kunne bai ɗaga murya ba. Ya miƙa hannu, Auta ya gane, ya zaro makullin shago daga aljihu ya ajiye a kan benci. Da ya fita, Mai Kunne ya ga ƙararrawar tana lilo a saman ƙofa.

Ya jawo wayarsa ya fara da mutum na farko, wani tsohon matuƙin jirgi. Bayan gaisuwa ya ce masa ya nemo allura ya kai kusa da hedifon ɗinsa, zai jira. Ya jira. Da mutumin ya ce allurar ta manne, ya ce ya kawo shi, za a mayar masa da ledarsa.

Da Likita ta dawo jibin, ta tarar da shi a sunkuye kan firam ɗin miƙa leda, hannu na rawa, ledar ta uku ke nan, biyu sun yage suna cikin kwando. Ya gaya mata komai, bai rage ba. Ta tambaya, in ya gama wa zai saurara.

"Ke," ya ce. "Kin san yadda yake a da."

Ya miƙa mata fil ɗinta, sannan ya fasa, ya tambaye ta ko za ta bar masa shi ya gwada sauran.