Ƙofar Shagona Ta Je GRA

A shekarar da fetur ya yi tashin gwauron zabi na shiga ajin yaƙi da jahilci, a cikinta kuma na yi wannan tafiya.

Mun tashi da asuba daga unguwarmu Tirwun, ni da maƙwabcina mai keke mai ƙafa uku, mun ɗaure ƙofar shagon askina a sama. Wani mai zane ne ya aiko yana nemanta. Da can a bayan manyan motoci yake zane, da 'yan dambe da 'yan fim a jikin shaguna. Yanzu har Legas ake kai aikinsa, yana kuma tara tsofaffin zanensa don a nuna wa jama'a. Tun a wancan lokacin ya zana min kawuna shida a ƙofar, kowanne da irin askinsa. Na uku fuskar yayana ce, marigayi, da ya zauna masa a benci.

Hankalina bai kwanta ba tun daga gida. Ana gobe tafiyar na ji kunyar kai ƙofa mai tsatsa unguwar manya, sai na dirje ta da soson ƙarfe, na bi fuskokin da sabon fenti. Kowane rami muka faɗa sai na leƙa sama.

A Ƙofar Ran muka tsaya cin masa. Ta ƙanƙance, kuɗinta ya girma. Mai masar ta dubi ƙofar ta ce, "Malam, waɗannan 'yan shida ne? Duk kamarsu ɗaya." Masa biyu na ci, na ce mu tafi.

GRA shiru, sai itatuwa da dogayen katangu. Da kaina na karanta lambar gidan. A ciki na ga ƙyauren bayan motar tifa da allon mai shayi an rataye su da tsatsarsu, ba wanda ya goge.

Mai zanen ya daɗe yana kallon tawa.

"Yaya, wannan ai aikinka ne, ba nawa ba."

Na ce to ya maido min da na ukun kawai.

"Wallahi na manta kamanninsa. Akwai hotonsa?"

Babu. Ƙofar ce hoton.

Kafin azahar mun dawo, na mayar da ita mazauninta. Na koyi cewa ba kowane tsohon abu ne ke jiran gyara ba. Abin da na rasa: askin ranar kasuwa guda, gwangwanin fenti biyu, kawuna shida, ɗaya na yayana.